Tsohuwar Amana, Tsohon Makulli: Waiwaye Kan Raunin Niƙan Kalmar Sirri a Manhajojin Burauza

Ranar 22 ga Disamba, 2022, kamfanin LastPass ya fitar da sanarwar da ta hana mutane da yawa barci. Masu kutse sun kwashe kwafin rumbunan abokan hulɗarsa, wato ma'ajiyar da kowa ya zuba kalmomin sirrinsa na banki da imel da wurin aiki. Kamfanin ya ce a kwantar da hankali, rumbunan a kulle suke, kuma wanda ya bi ƙa'idojin da aka shimfiɗa, sai ɓarawo ya shafe miliyoyin shekaru kafin ya canko makullinsa. Waɗanda suka san sirrin abin ba su tsaya kan wannan lallashi ba. Saitunan asusunsu suka shiga, suka gangara can ƙasa inda ba kowa ke leƙawa ba, suna neman wata lamba guda. Wani ya tarar da 100,100. Wani ya ga 5,000. Wani 500. Akwai ma waɗanda suka ga 1.

Wannan lamba ita ce adadin zagayen da ake niƙa babbar kalmar sirrin mutum kafin a mayar da ita makulli. Ita ce ta raba wanda rumbunsa zai jure shekaru da wanda za a fasa nasa cikin kwanaki. Abin da ya fi ciwo shi ne, mafi ƙarancin lamba ta faɗa ne kan waɗanda suka fi daɗewa da ba kamfanin amana. Kafin a gane yadda aka kai ga haka, sai an koma baya shekara sittin.

Gero ya zama gari

A farkon shekarun 1960, a cibiyar MIT ta Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka gina tsarin CTSS wanda mutane da yawa ke amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda. Kowa aka ba shi kalmar sirri, aka jera su duka a fayil ɗaya, a rubuce ɓaro-ɓaro. Wata rana kuskuren manhaja ya sa fayil ɗin ya maye gurbin saƙon maraba, duk wanda ya shiga sai ya ga kalmomin sirrin kowa a gabansa.

Maganin da Roger Needham na jami'ar Kambirij ya kawo a cikin shekarun nan shi ne a daina ajiye kalmar kanta. A zuba ta cikin wani lissafi mai hanya ɗaya, a ajiye abin da ya fito. Masana na kiran wannan hashin, mu kuwa niƙa ya fi kusa da mu. Gero in ya shiga inji ya fito gari, babu mai mayar da shi tsaba. Gobe in ka zo shiga, sai a niƙa abin da ka rubuta, a gwada garin da wanda aka ajiye. In sun yi daidai, a buɗe maka.

Sai dai ɓarawon da ya saci garin yana da wata dabara. Ba ya buƙatar mayar da gari tsaba. Zai riƙa ɗauko kalmomi ɗaya bayan ɗaya yana niƙawa, har ya dace da wadda garinta ya yi daidai da na hannunsa. A 1979, Robert Morris da Ken Thompson na Bell Labs suka wallafa abin da suka gani a tsarin Unix: cikin kalmomin sirri 3,289 da suka tattara, 2,831 masu saukin canka ne, kashi 86 cikin ɗari ke nan. Suka kawo gyara iri biyu da har yau a kansu ake tafiya. Na farko gishiri, wato 'yar lambar da ake barbaɗa wa kalmar kowane mutum kafin niƙa, don mutum biyu masu kalma ɗaya su fita da gari daban. Na biyu jinkiri da gangan: a maimaita niƙan sau 25. Mai asusu sau ɗaya zai shiga, ba zai ji nauyin ba. Ɓarawon da ke gwada miliyoyin kalmomi kuwa, aikinsa ya ninku sau 25.

Tun daga nan aka san cewa wannan lamba tana tsufa, domin kwamfutoci kullum ƙara sauri suke yi. A 1994 Poul-Henning Kamp ya rubuta md5crypt mai zagaye 1,000. A 1999 Niels Provos da David Mazières suka fito da bcrypt, wanda aka gina shi musamman don a riƙa ƙara masa nauyi. A shekarar 2000 aka wallafa ƙa'idar PBKDF2 da shawarar kada zagaye ya gaza 1,000. Saboda haka duk wanda ya zo gina manhajar kalmar sirri bayan wannan shekara ya tarar da darasin a rubuce.

Da aiki ya koma cikin burauza

Da intanet ta yaɗu, kowane shafi ya ce sai ka buɗe asusu. Mutane suka yi abin da ɗan Adam zai yi, suka riƙe kalma ɗaya suna shiga ko'ina da ita. A lokacin ne burauzar Firefox, wadda ta fito a 2004, ta buɗe ƙofa ga ƙananan manhajojin da ake maƙala mata, waɗanda ake kira ekstenshan. Masu bincike suka ga dama.

A 2005 wasu masana daga jami'ar Stanford, Blake Ross da Collin Jackson da Nick Miyake da Dan Boneh da John Mitchell, suka gabatar da PwdHash. Amfani da ita babu wuya. In ka zo gurbin kalmar sirri sai ka fara buga @@ ko ka danna F2, sannan ka rubuta kalmarka ta kullum. Manhajar za ta haɗa ta da sunan shafin, ta niƙa, ta tura wa shafin sakamakon. Kalma ɗaya ce a kanka, amma kowane shafi daban yake karɓa. Ko shafin bogi ya yaudare ka, abin da zai samu ba zai buɗe asusunka na shafin gaskiya ba. Dabara ce mai kyau, kuma ta yi maganin matsalar da aka gina ta dominta.

Raunin yana cikin injin niƙan. An yi amfani da MD5, lissafin da Ron Rivest ya ƙera a farkon shekarun 1990 don ya yi sauri, kuma ba a maimaita shi yadda zai gajiyar da kowa ba. Gishirin kuma sunan shafi ne kawai, abin da duk duniya ta sani, kuma iri ɗaya ne ga duk masu shiga shafin. Idan aka fasa shafi guda aka samu abin da ka tura masa, ɓarawo zai zauna a ɗakinsa yana gwada kalmomi har ya kamo uwar. Ya kamo ta, to ya mallaki makullin duk sauran shafukanka. Masu manhajar ba su ɓoye wannan haɗari ba, sun ambace shi a takardarsu. A 2016, David Llewellyn-Jones da Graham Rymer na Kambirij suka nuna abin a aikace: suka bi bayanan da aka riga aka sace daga wasu shafuka aka watsa, suka tono ainihin kalmomin masu amfani da PwdHash daga ciki.

A shekarar 2005 ɗin dai, J. Alex Halderman da Edward Felten na jami'ar Princeton, tare da Brent Waters, sun fito da tasu manhajar ta Firefox mai suna Password Multiplier, wadda ta ɗauki jinkiri da muhimmanci. Ranar farko da ka girka ta a kwamfuta sai ka jira fiye da minti guda tana niƙa, ta ajiye sakamakon, daga baya ta riƙa yin ɗan gajeren aiki. Hanyar tsira tana nan tun ran gini. Sai dai jama'a ba su son jira, masu manhaja kuma ba su son a ce tasu ce mai nawa.

Gaskiya ne suna da uzuri. Ekstenshan da harshen JavaScript ake rubuta shi, kuma a wancan zamani JavaScript tafiyar hawainiya yake yi in aka ba shi lissafi mai nauyi. Zagayen da babbar kwamfuta za ta gama cikin ƙiftawar ido zai iya daskarar da burauza ko tsohuwar waya na tsawon daƙiƙoƙi. Ɓarawo kuwa ba ya cikin wannan ƙunci. Shi da katin zane yake aiki, irin wanda masu wasan kwamfuta ke saya, mai dubban ƙananan injina da ke niƙa a tare. Kati guda na zamanin nan, irin RTX 4090, yana gwada MD5 fiye da sau biliyan 100 a daƙiƙa ɗaya. Mai gida na daka a turmi, ɓarawo ya kafa injin niƙa.

Rumbu ɗaya, lambobi huɗu

LastPass ya fito a 2008 da wani salo na daban. Maimakon ƙirƙiro kalma ga kowane shafi daga uwa ɗaya, sai ya ajiye duk kalmominka a rumbu, ya kulle shi a cikin burauzarka da makullin da aka niƙo daga babbar kalmar sirrinka, sannan ya tura kwafin kullallen rumbun zuwa sabar kamfani don ka same shi a kowace na'ura. Kamfanin bai san babbar kalmarka ba, kuma wannan shi ne abin alfaharinsa. Ma'anar haka ita ce, ranar da aka sace rumbun, abu biyu kaɗai suka rage tsakaninka da ɓarawo: ƙarfin kalmarka da yawan zagayen niƙa. Babu mai gadin da zai ce ka yi kuskure sau uku, dakata. Lambar tabbatarwa da ake turowa waya ma ƙofar shiga take tsarewa, ba ta da amfani ga rumbun da aka riga aka ɗauke aka kai gida.

A shekarun farko zagayen ɗaya ne tak. A 2012 aka mayar da shi 500, a 2013 ya koma 5,000, a 2018 kuma 100,100. In aka dubi jerin sai a ce ci gaba ake yi. Matsalar ita ce a lokacin kowace sabuwar lamba sababbin shiga take tarba. Tsohon asusu yakan zauna kan lambar ranar da aka buɗe shi, sai in mai shi ya san da saitin ya je ya sauya da hannunsa.

An yi gargaɗi, ba sau ɗaya ba. Shekarar 2012 ta ga satar kalmomin sirri miliyan 6.5 na LinkedIn, waɗanda aka niƙa da SHA-1 babu ko gishiri, kuma a watan Yunin nan ne Kamp ya fito ya ce a daina amfani da md5crypt ɗinsa, ya tsufa. A Yunin 2015 aka kutsa LastPass kansa aka ɗebi adireshin imel da garin tantance masu shiga. Kamfanin ya ce yana ƙara zagaye 100,000 a sabarsa. A 2018, Wladimir Palant, mutumin da ya ƙirƙiri Adblock Plus, ya bi lissafin dalla-dalla ya nuna inda gizo ke saƙar: zagayen da ake yi a sabar yana kare garin tantancewa ne kawai. Makullin rumbu a burauza ake niƙo shi, da zagaye 5,000. Wanda ya samu rumbun zai gwada kalmominsa kai tsaye a jikinsa, ya tsallake duk wahalar da aka tara a sabar. Bayan wannan ne aka ɗaga lambar zuwa 100,100, aka kuma ce za a ɗauko tsofaffin asusai a haɗa su da sababbi. Disambar 2022 ta nuna cewa da yawa ba a ɗauko su ba. Haka ma dokar cewa babbar kalma ta kai harafi 12, wadda aka kafa a 2018, ba a tilasta wa tsofaffin abokan hulɗa ita ba sai a Janairun 2024.

Ba LastPass kaɗai ke da wannan tabo ba. Babbar kalmar sirrin Firefox kanta da zagaye ɗaya na SHA-1 aka daɗe ana niƙa ta. An kai rahoton haka tun 2009, Palant ya sake tayar da maganar a 2018, gyara bai iso ba sai a Firefox 72, farkon 2020, da zagaye 10,000. Ekstenshan ɗin MetaMask, lalitar kuɗin kirifto da matasanmu da dama suka sani, ya daɗe yana kulle ma'ajiyarsa da zagaye 10,000 kafin a ɗaga. A Janairun 2023 Palant ya nuna cewa Bitwarden, wani mai ajiyar kalmomin sirri, shi ma yana da irin wancan lissafi na sabar da ba ya kare rumbu, kuma akwai tsofaffin asusai da ke kan 5,000.

Abin da ya biyo baya

Yadda aka shiga LastPass a 2022 ya nuna haƙurin masu kutsen. A watan Agusta suka fara satar bayanan fasaha ta kwamfutar wani ma'aikaci. Daga nan suka nufi ɗaya daga cikin injiniyoyi huɗu da ke riƙe da makullan ma'ajiyar kamfani, suka shiga kwamfutarsa ta gida ta wata tsohuwar manhajar Plex da ba a sabunta ba, suka dasa abin da ke naɗar duk abin da ya buga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwafin rumbunan da suka kwasa ya haɗa da adireshin shafukan da kowa ke da asusu, kuma waɗannan ba a kulle suke ba. Ɓarawo zai iya dubawa ya ga wane ne ke hulɗa da kasuwannin kirifto, ya ga lambar zagayensa, ya zaɓi wanda zai fara da shi.

Bambancin lambobin ba ƙarami ba ne. Tsakanin zagaye 500 da 600,000, wanda ƙungiyar OWASP ta ba da shawara a 2023, akwai ninki 1,200. Aikin da zai ci wa ɓarawo shekara uku da 'yan watanni a kan wani, kwana ɗaya zai gama shi a kan wani. Mu kawo abin gida. Mutane da yawa a Najeriya lambar waya suke sakawa a matsayin kalmar sirri, suna ganin lamba goma sha ɗaya ta yi tsawo. Amma lambobin da 070 ko 080 ko 081 ko 090 ko 091 suke farawa, saura lamba takwas. Duka-duka abin da za a gwada miliyan 500 ne. Kati guda irin wanda aka ambata zai ƙare su cikin kimanin minti biyar in zagayen 5,000 ne. In 600,000 ne, zai kai kamar awa tara zuwa goma. Wannan lissafi yana faɗa mana abu biyu: yawan zagaye yana sayen lokaci, amma ba ya ceton kalmar da tun asali ba ta da ƙashi.

A Satumbar 2023 ɗan jarida Brian Krebs ya ruwaito binciken Taylor Monahan ta MetaMask da wasu masu bin sawun kuɗin kirifto. Sun gano mutum fiye da 150 da aka yashe musu sama da dala miliyan 35. Mutane ne masu taka-tsantsan, ba a kutsa imel ɗinsu ko wayarsu ba. Abin da ya haɗa kusan dukkansu shi ne sun taɓa ajiye kalmomin da ake dawo da lalitar kirifto da su a rumbun LastPass. A Maris ɗin 2025 wasu takardun kotu a Amurka suka danganta satar kirifto ta kimanin dala miliyan 150, da aka yi a Janairun 2024, da kutsen da aka yi wa wata manhajar ajiyar kalmomin sirri a 2022. Masu bibiyar lamarin sun ce wanda aka yi wa satar shi ne Chris Larsen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Ripple. LastPass dai ya tsaya kan cewa bai ga tabbatacciyar hujjar da ta haɗa sace-sacen da kutsensa ba.

Inda aka kwana

Uzurin nawar burauza ya daɗe da ƙarewa. Tun 2017 ƙa'idar Web Crypto ta tabbata, wadda ke ba ekstenshan damar yin PBKDF2 da saurin na'ura, kuma a shekarar ne manyan burauzoji suka karɓi WebAssembly. Injinan niƙa ma sun sauya. A 2009 Colin Percival ya kawo scrypt, wanda bayan ɓata lokaci yake kuma cin ma'adanar kwamfuta mai yawa, abin da ke taka wa katin zane burki, domin dubban ƙananan injinansa ba za su samu wadataccen wurin aiki a tare ba. A 2015 Argon2, aikin Alex Biryukov da Daniel Dinu da Dmitry Khovratovich na jami'ar Luksamburg, ya lashe gasar da masana suka shirya don zaɓen injin niƙa mafi inganci. Bayan abin da ya faru, a 2023 Bitwarden ya ɗaga lambarsa zuwa 600,000 ya kuma ƙara zaɓin Argon2id, wani nau'in Argon2, LastPass ma ya koma 600,000. Kamfanin 1Password tun da farko ya bi wata hanya: yana haɗa kalmar mutum da wani dogon makullin sirri da ke zaune a na'urarsa kawai, ta yadda rumbun da aka sata daga sabar ba zai buɗu da canke ba.

Ba na cikin masu cewa a watsar da manhajojin ajiyar kalmar sirri. Wanda ke shiga shafi talatin da kalma ɗaya ya fi kowa zama cikin haɗari, kuma rumbu mai kyau ya fi masa alheri nesa ba kusa ba. Abin da nake cewa shi ne nauyin sabunta makulli yana wuyan mai manhaja. Malamar makaranta da ta buɗe asusu a 2011 ba ta da dalilin sanin mene ne PBKDF2, balle ta je ta sauya wata lamba a ɓoyayyen saiti. Ta ba da amana ne don a ɗauke mata wannan tunani. Duk lokacin da ta shiga asusunta, babbar kalmarta tana hannun ekstenshan na ɗan lokaci, kuma a wannan lokaci ana iya sake niƙa ta da sabon adadi a sake kulle rumbun. Aiki ne mai buƙatar kulawa don kada a lalata wa mutane ajiya, amma mai yiwuwa ne, tunda daga baya an yi shi.

Namu ɓangaren kuma ba shi da yawa. Mai amfani da irin wannan manhaja ya shiga saitunan tsaro ya duba injin niƙa da adadin zagayensa, in akwai Argon2id ya zaɓe shi. Babbar kalma ta zama jerin kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna, ba sunan ɗa ko na gari ko lambar waya ba, ba kuma karin magana ko baitin da kowa ya haddace ba. Kalmomin dawo da lalitar kirifto a rubuta su a takarda a adana inda ake adana takardun gida. Wanda kuma yake da asusu a LastPass kafin ƙarshen 2022, sauya babbar kalma kaɗai ba ta wadatar ba, sai ya sauya duk abin da ke cikin rumbun, ya kwashe kuɗinsa zuwa sabuwar lalita.

Dalili kuwa shi ne gyaran da aka yi a 2023 bai shafi abin da ya riga ya fita ba. Kwafin da aka ɗauke a 2022 yana nan a hannun waɗanda suka ɗauke shi, kowane rumbu da lambar da take kansa a ranar, mai 5,000 da 5,000 ɗinsa, mai 1 da 1 ɗinsa. Babu sabuntawar da za ta isa gare shi. Katunan zane kuwa kowace fitowa sai sun fi na baya sauri, kuma masu riƙe da rumbunan ba su da wani abin da ke koro su.